Ƙidayar Kallon Uwar Jirgi

Alhamis, 7:10 na safe

Na sayi littafin nan don rubuta sunayen magunguna da lokutan shansu, ga shi na ɓuge da rubuta wani abu daban. Kwana biyu ke nan da abin da ya faru ranar Talata a shagon ɗaukar hoton Yaya. Ba zan rubuta shi ba. Na faɗa wa likita, na faɗa wa Inna rabinsa, ya isa haka.

Ɗakin asibitin mai gado huɗu ne, namu na bakin taga, alhamdulillahi. Yaya tana gani, tana ji, ta gane ni. Hannun dama da ƙafar dama ne suka ƙi, sai kuma bakin. Matar da in ta fara magana sai ka nemi kujera.

Likita ya ce makonnin farkon nan su ne komai. Abin da harshe zai dawo da shi yanzu yake dawowa, amma sai ta yi ƙoƙari da kanta. Ta ji shi sarai. Ta juya fuskarta bango.

Alhamis, 4:00 na yamma

Malama mai koyar da magana ta zo da katunan hotuna: kofi, kujera, kifi. Ta ɗaga na kofi ta ce, "Yaya, mene ne wannan?" Yaya ta buɗe baki. Wani sauti ya fito wanda ba nata ba. Ta ji shi da kunnenta, ta rufe bakin gam, hawaye ya gangara cikin kunnen. Malama ta yi lallashi har ta gaji.

Na gode wa Malama. Ba ta nuna gajiyar a fuska ba.

Jumma'a, 11:30 na safe

Wayar Yaya ta hana mutane sakat, sai kuka take a ƙarƙashin filo. Nas ɗin safe ta ce, "Baiwar Allah, yayar nan taki minista ce?" Na ce ta fi minista, Uwar Jirgi ce. Ta tsaya da allura a hannu, dole na yi mata bayani.

Akwai shirin talabijin da muke bi shekara huɗu, duk Asabar ƙarfe biyar. Jirgi ne ya bar duniya da mutum dubu uku yana neman wata duniyar da za a zauna. Mace ce Kyaftin. Akwai Injiniya, miskili mai hannun ƙarfe, ba ya magana sai da inji. Akwai Jakada, mutumin wata duniya, fatarsa shuɗiya, bakinsa kamar zuma. Yaya ta buɗe zauren masoya shirin a waya, mu ɗari biyu da sha biyu, kowa da laƙabinsa, kuma ba abin da muke yi sai haɗa aure. Rabi sun ce Kyaftin ta Injiniya ce, Yaya ce shugabarsu. Rabi mun ce ta Jakada ce. Ni ce Mai Gardama, babbar abokiyar faɗan Uwar Jirgi, kuma duk zauren ba wanda ya san nono ɗaya muka sha.

Nas ta ce, "To su mutanen shirin sun san kuna yi?" Na ce ina fa. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Na saci kallon Yaya ko za ta murmusa. Ko gezau.

Jumma'a, 2:15 na rana

Na tambaye ta, "Yaya, in faɗa wa zaure ba ki da lafiya?" Ta cafke wuyan hannuna da hannun hagu har sai da na ji zafi, ta girgiza kai. Na ce na ji, ba zan faɗa ba. Na yi alkawari.

Yau ma ba ta yi magana ba.

Asabar, 6:20 na yamma

Saura kashi uku shirin ya ƙare gaba ɗaya. Na kunna na yau na kai mata wayar gaban ido, ta rintse idon. Na fita baranda na kalla ni kaɗai a kan benci, kusa da wani mutum da ke ta ɓare lemo. Jakada ya ceci jirgin da magana kawai, wallahi ya burge ni, amma na juya in tsokani Yaya sai na ga mai lemo.

Ga matsalar. Duk Lahadi da safe Uwar Jirgi tana saka sharhi, shekara huɗu ba fashi, har ranar da aka yi rasuwar mijinta sai da ta saka layi biyu. A ƙarshen kowane sharhi akwai ƙidayar kallo: sakan nawa Kyaftin ta yi tana kallon Injiniya a kashin. Da agogo take yi, tana tsayar da hoto tana mayarwa baya. Cewa take shekara ashirin tana ɗaukar hoton amare da angwaye, baki yana ƙarya amma ido bai iya ba. In gobe ba sharhi, za su san akwai abin da ke faruwa.

Lahadi, 8:05 na safe

Na yi abin da na yi.

Wayar da yatsa take buɗewa, babban yatsan dama. Tana barci na ɗaga hannun na ɗora. Nauyinsa ne ya ba ni tsoro, kamar na ɗauki hannun wani. Wayar dai ta gane shi, ta buɗe.

Na rubuta sharhin da bakinta. Na zagi Jakada, Allah Ya yafe min, na kira shi tulun shuɗi kamar yadda take kiransa. Na ce Mai Gardama ta je ta wanke ido. Da na zo ƙidaya sai na tuna ban ƙirga ba, ni Jakada nake kallo. Na rubuta sakan goma sha ɗaya. Wa zai bi ya duba?

Sannan na ɗauki tawa wayar na mayar wa kaina da martani mai zafi. Ni da ni muka yi ta faɗa har aka kawo shayi.

Litinin, 1:00 na rana

Na koma makaranta rabin yini. 'Yan aji ukuna sun ce idona ya yi ja. Na ce alli ne.

Malama ta zo, ta tafi. Yau ma ba ta yi magana ba.

Talata, 10:40 na safe

Mako ɗaya.

Saƙo ya shigo wayar Yaya, ba a zaure ba, ita kaɗai. Daga Malamin Lissafi ne, na hannun damanta a ɓangaren Injiniya, mutumin da na fi tsana a zauren nan don ba ya gardama sai da hujja. Ga abin da ya rubuta:

"Salamu alaikum. Na ƙirga sau uku, sakan goma sha tara ne. Shekara huɗu ina bin ƙidayar Uwar Jirgi, ba ta taɓa kuskuren ko rabin sakan ba, balle ta rage wa Injiniya takwas. Ko wane ne ke riƙe da wayar nan, ba faɗa na zo yi ba. Tana raye?"

Ashe akwai mai dubawa. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, Inna ta sha faɗa.

Talata, 12:30 na rana

Na kira shi daga bakin tankin ruwa. Na zaci saurayi ne mai rawar kai, sai na ji muryar dattijo tana rawa. Na ce tana raye, Baba. Na ji ya sauke numfashi, ya yi hamdala sau uku.

Ya ce, "Ke wace ce?"

Na ce, "Ƙanwarta ce. Ni ce Mai Gardama."

Ya ce, "La'ilaha illallahu! Ke ce kika ce min ƙwaƙwalwata ta yi tsatsa kamar hannun Injiniya?"

Na ce ni ce, Baba, a yi haƙuri. Ya yi dariya har da tari. Daga nan ban san yadda aka yi ba, alkawarin da na yi wa Yaya ya zube, na faɗa masa komai ina kuka kamar yarinya. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce mai ɗakinsa ta yi irin wannan, kuma su lallashi suka yi ta yi, kowa na sannu sannu, har shirun ya zame mata gida.

Ya ce, "'Yata, kar ku lallashe ta. Na san Uwar Jirgi ko da ban taɓa ganinta ba. Ku ba ta haushi."

Ban tambaye shi yadda mai ɗakin nasa ta ƙare ba. Bai faɗa ba.

Laraba, 9:15 na safe

Na zauna bakin gadon na ce, "Yaya, na yi miki laifi biyu. Na rubuta sharhi da sunanki." Ta buɗe ido. "Kuma na ce Kyaftin ta kalli Injiniya sakan goma sha ɗaya. Ni a ganina ma na yi masa alfarma, ko kallon arziki ba ta yi masa ba."

Tabɗi! Wannan harara na san ta tun ina goye. Ta miƙo hannun hagu, na ba ta wayar da kashin a kunne. Ta kalla tun daga farko, tana buga yatsa a ƙarfen gado duk inda Kyaftin ta ɗaga ido. Wajen da suke gyaran bututun iska ta sa na mayar sau biyu. Da ya ƙare na ce, "Kin gani? Sha ɗaya."

Ta daki katifa. Bakinta ya karkace, jijiyar wuya ta tashi.

"Ta... ta... tara."

Na ce me?

"Tara!"

Matar gado na biyu ta saki salati. Na ruga neman nas ba takalmi. Sha tara take nufi, sha ɗin ne bai fito ba, oho dai, wa ya damu. Allah na gode Maka. Allah Ka saka wa dattijon nan.

Laraba, 3:00 na yamma

Na faɗa mata laifi na biyu, cewa Malamin Lissafi ya sani. Ta juya bango. Na yi magana, na yi magana, ta yi kunnen uwar shegu da ni. Abinci ma sai daga hannun nas ta karɓa.

Na cancanta. Amma da za a mayar da ni jiya, sai na sake.

Jumma'a, 5:30 na yamma

Kwana biyu tana fushi. Yau na karanta mata saƙon Baba na farko, har wajen "Tana raye?" Ta daɗe tana kallon silin. Na ce, "Yaya, mutanen nan ba bakinki za su leƙa ba. A ce musu ba ki da lafiya, shi ke nan." Ta ɗaga yatsa ɗaya. Na ce layi ɗaya? Ta gyaɗa kai.

Baba ne ya saka layin. Kafin in wanke kofi saƙo ya haura ɗari. Sai 'Yar Kanti, wata ta ɓangarenmu mai bakin tsiya, ta rubuta cewa ita dai ba za ta kalli kashin ƙarshe ba sai da Uwar Jirgi, don in Jakada ya yi nasara tana so ta ga idon wadda za ta yi wa dariya. Tsohon Direba ya ce a kaɗa ƙuri'a. Mutum ɗari biyu da uku suka ce a jira.

Mutanen da ke tsayar da walimar biki su leƙa waya saboda shirin nan. Ban san fuskar ko ɗaya ba. Na shiga banɗaki na yi kukana na fito.

Asabar, 6:30 na yamma

Mun kalli na yau tare, na kusa da ƙarshe. Injiniya ya cire hannun ƙarfensa ya toshe ɓarakar jirgi da shi. Yaya ta ce, "Ka... ga." Na ce ai wauta ce, da Jakada ne da baki zai toshe. Ta ce, "Ƙarya." Tsaf ya fito, ba gargada.

Kalma uku ke nan. Ina rubuta su a bangon littafin nan.

Litinin, 11:00 na safe

Malama ta ce a jefar da kofi da kifi. Na je shagon Yaya, karo na farko tun ranar. Kujerar na nan a kife inda take, shuɗin labulen bayan masu hoto ya zame gefe ɗaya. Ban taɓa komai ba sai injin wanke hoto. Na fitar da hotunan shirin guda talatin a takardar fasfo: jirgi, ƙofa, hannu, tauraro, Kyaftin.

Malama ta ɗaga hoton Jakada ta ce wane ne wannan kyakkyawan? Yaya ta ce, "Tulu." Malama ta dube ni ko kuskure ne. Na ce a'a Malama, daidai ne, ba ta maki.

'Yan ɓangarenmu kuma sun samu aikin yi. Kowa na aiko saƙon murya gajere na tsokana, ina kunna mata ɗaya bayan ɗaya kamar magani. "Uwar Jirgi, Injiniya ko wanka ba ya yi." "Uwar Jirgi, mun riga mun ɗinka ankon Jakada." Tana amsawa da ƙarya, da a'a, yau har da "wawa". Ban taɓa jin daɗin zagi irin na yau ba.

Sai dai in na ce ta mayar musu da muryarta, sai ta ture wayar. Ni da Malama da nas kaɗai ta yarda mu ji.

Laraba, 2:00 na rana

Ba zan rubuta komai yau ba.

Alhamis, 8:00 na safe

Ciwon Yaya ya sake tashi jiya, likitoci suna can ciki da ita. An ce in jira a waje. Benci ɗin nan na san duk ƙusoshinsa.

Jumma'a, 4:45 na yamma

An dawo da ita ɗakinmu. An ba wani gadon taga, muna bakin ƙofa yanzu, ba komai. Likita ya ce an auna arziki, ya ce a gode wa Allah, na ce ai abin da nake yi ke nan.

Na ɗaga mata hoton jirgi. Ta daɗe. Na ce a raina shi ke nan, an koma farko.

"Jir... gi."

Alhamdulillahi. Alhamdulillahi.

Asabar, 5:00 na yamma

Yanzu haka ake nuna kashin ƙarshe a duniya. Yaya na barci, likita ya hana ta duk abin da zai tayar mata da hankali har mako guda. Zaure tsit. Sai Tsohon Direba da ya saka hoton talabijin ɗinsa a rufe da zanen gado.

Lahadi, 10:00 na safe

Mutum ɗaya ya kasa haƙuri ya kalla. Ya rubuta, "Na ci amana, ku yafe ni, ba zan faɗi komai ba," ya fitar da kansa daga zaure. Baba ya ce a mayar da shi bayan an gama, ai ya yi ta maza da ya faɗa.

'Yar Kanti ta ce ta daina shiga motar haya don kar ta ji ana hirar. Da ƙafa take zuwa aiki. Na ce mata Allah Ya ba da lada, ta ce in riƙe ladana, ita dariyarta take tarawa.

Alhamis, 12:00 na rana

An sallame mu. Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta ga keken da aka turo 'yarta a kai, sauran rabin da ban faɗa mata ba ta gan shi da idonta. Ta dafa kaina kawai.

An tsayar da Asabar ƙarfe biyar, kowa a gidansa, a danna tare.

Asabar, 4:30 na yamma

Shekara huɗu ina fatan Jakada. Yau na idar da salla na roƙi Allah Ya kayar da ni. Ya ba ta Injiniyanta, ni na yafe. Ina tsoron in abin ya zo mata a karkace ta sake juya fuska bango, kuma wannan karon ban san da me zan juyo da ita ba.

Asabar, 6:40 na yamma

Jakada Kyaftin ta zaɓa.

Ta sauka sabuwar duniyar hannunta cikin nasa, Injiniya ya tsaya a tagar jirgi yana kallonsu. Na ci, kuma ban taɓa jin baƙin cikin nasara irin wannan ba. Na kasa kallon Yaya. Inna da ba ta san kan labarin ba ta ce, "Wannan shuɗin ne mijin? Allah Ya kyauta."

Wayoyi biyu suka hau kuka. Yaya ta miƙo hannu. Na ce, "Bari in rubuta miki, faɗi a hankali." Ta fizge wayar. Ta ɗora ta a cinya, ta danna wajen ɗaukar murya da yatsan hagu, ta riƙe.

"Ni ce. Uwar... Jirgi." Ta tsaya, ta haɗiye miyau, gumi a goshinta. "Sun... cu... cuce mu. Ban... yarda ba."

Muryar a karkace, rabin kalmomin a tauna. Na ce, "Yaya, in goge mu sake? Na biyu zai fi fita." Ta dube ni, ta saki yatsan. Ya tafi, mutum ɗari biyu da sha ɗaya.

Sai ga muryar Baba, ya fara "Uwar Jirgi, barka da..." ya kasa ƙarasawa, haka ya aiko shi. 'Yar Kanti da ta yi mako biyu tana tara dariya ta aiko nata, ba komai a ciki sai jan hanci.

Na durƙusa gaban keken na kifa kaina a gwiwarta. Ta bar ni na ɗan jima, sannan ta ja kunnena da hannun hagu.

"Auta. Kin... ci." Ta numfasa. "Tashi. Gobe... sharhi. Ni... zan faɗa. Ke... rubuta."

Na ce to, Yaya. Na tashi na je neman biro mai kyau.